Bukkar da Aka Sauki Kamana

Duk tsibirinsu babu wanda bai san Kamana ta tsani rufin ganyen kwakwa ba. A ƙarƙashinsa aka haife ta, a ƙarƙashinsa ta yi aure, daga cikinsa ɓera ya taɓa faɗo mata a tukunyar romon kifi ranar da uwar mijinta ta zo. Rabin rayuwarta ta yi tana busar da kifi tana hana mijinta Adambe sakat, har sai da aka rufa gidan da kwano, aka shimfiɗa tayil, aka shigo da banɗaki cikin gida. Ranar da aka sauke jinkar da hannunta ta cinna mata wuta, ko maƙwabta ba ta bari sun ɗiba ba.

To sai ga ɗanta Shaheem, wanda ya fara da dakon jakunkunan baƙi a wani ƙaton otal da ya cinye tsibiri guda shi kaɗai, an ɗaga shi ya zama shugaban masu kula da ɗakuna. Masu otal ɗin suka ce ya kawo iyayensa su huta kyauta. Kamana ta ɗinka sabuwar riga, ta aika Malé, babban birnin ƙasarsu, aka sayo mata takalmi mai tsini, ta bi gida-gida tana sallama sai ka ce mai tafiya Hajji.

Suna sauka daga jirgin ruwa, wata yarinya mai fara'a ta durƙusa gabanta ta buɗe ɗan buhu.

"Ranki ya daɗe, takalman. A nan ba a sa takalmi."

"Masallaci ne?"

"A'a, haka baƙinmu suke so, su ji rairayi a ƙafa."

Adambe, wanda da ma takalmi azaba ne gare shi, tuni ya tuɓe nasa. Kamana ta miƙa nata tana bin buhun da kallo.

Shaheem ne da kansa ya kai su masauki, yana ta washe baki cikin fararen kayan aikinsa. Kamana ta ɗaga kai ta dubi rufin. Jinka ce. Jinkar ganyen kwakwa, irin wadda ta ƙona. Bangon katako ne, ko fenti ba a yi masa ba. Ta leƙa banɗaki, babu rufi sam, sai sararin Allah da wani hankaka yana leƙenta daga reshe. Da aka kawo abincin rana kuwa, romon kifi ne da shinkafa a cikin ƙoƙon kwakwa, abin da take zuba wa kajinta ruwa a ciki.

"Mamma, ya yi miki?"

"Ya yi, ɗan nan. Allah Ya yi albarka."

Yana fita ta juya kan mijinta, wanda ya riga ya miƙe a gado yana lumshe ido.

"Baban Shaheem, tashi. Sun raina yaron nan."

"Wane irin raini? Zo ki taɓa katifar nan ki ji."

"Kai da ma ko a kan tulin komar kamun kifi aka shimfiɗe ka, godiya za ka yi. Ɗakin bayi suka ba mu! Shi kuma yana ta murmushi don kada ranmu ya ɓaci."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba don kanta ba. Shekara da shekaru yaron nan yana azumi a nan, yana salla a nan, yana rusuna wa mutanen da ba su iya ko faɗin sunansa ba, ashe darajarsa a wurinsu ba ta wuce bukka ba. Ta rantse sai ta ga inda suke sauke mutanen da suke ganin girmansu, sannan ta nemi mai otal ɗin ta wanke shi tas.

Ta fita ƙafa ba takalmi, rana na dukanta. A masauki na gaba ta buɗa shingen ganye ta leƙa. Wani ƙaton Bature ne, ja wur kamar dafaffiyar ƙaguwa, yana wanka a fili yana rera waƙa, bayansa kuma jinka irin tasu. Suka haɗa ido. Ya kurma ihu ya rarumi tawul, ita kuma ta saki shingen tana a'uziyya.

"Allah sarki," ta ce da ta yi nisa, "shi ma ɗansa a nan yake aiki."

Ta ci gaba. Ko'ina jinka, ko'ina mutane tsirara-tsirara kwance a rana kamar kifin shanya. Can tsakiyar tsibirin ta ji gurnanin inji a bayan wasu bishiyoyi masu duhu, ta ga wata 'yar ƙofa an ɓoye ta da ganye. Ta tura.

Yawwa! Ga gini na bulo mai hawa biyu, rufin kwano yana walƙiya, fenti shuɗi, kowace taga da na'urar sanyi. Ga talabijin ana kallon ƙwallo, ga abinci a farantin tangaran, ga mutane cikin mutunci, kowa da takalminsa.

Shaheem ya iso da gudu yana haki, don labarin Baturen ya riga ya kai ofis.

"Mamma, don Allah! Ba a shigowa nan."

"Ai na ga alama. Su wane ne manyan da kuka ɓoye a nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Mu ne. Ma'aikata."

"Ku? Nuna min ɗakinka."

Da ƙyar ya buɗe. Ɗaki ne ɗan ƙuƙut, gado ɗaya, kabad ɗaya, taga tana kallon tankin ruwa. Duk hotunan da yake aikawa gida a bakin teku yake ɗaukarsu, don kada ta taɓa ganin wurin nan. Ya tsaya a bakin ƙofa kunya kamar ta kashe shi.

Kamana ta shafa tayil da tafin ƙafa. Ta ɗaga kai ta ga silin fari tas. Ta tura ƙofar banɗaki, ta duba sama, ta ga rufi. Sai ta zauna a bakin gadon, hawaye suka zubo mata.

"Alhamdu lillahi. Ashe sun san darajarka. Baƙin ne suke gana wa azaba."

"Mamma, ba haka..."

"Rufe min baki. Je ka ɗauko min jakata, ni a nan zan kwana. Kai ka je wurin babanka."

"Ni? A can?"

Sau dubu nawa ya gyara gadon can da sai attajirai ke iya biyan kuɗin kwana a kansa, ya jera furanni a kansa, bai taɓa ko zama a bakinsa ba. Kamana ta ga idanunsa sun ciko, ta ɗauka baƙin cikin rabuwa da ɗakinsa ne. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta sauya magana ba.

"Haba, namiji da kai! Daure, ɗan nan, bukkar ba kashe ka za ta yi ba. Ni da na haife ka a cikin irinta ba ga ni ba?"