Zarton Maigida

Da Kofur ya buɗe shagonsa na wasa wuƙaƙe da zartuna, wata guda cur babu kafinta ko ɗaya da ya leƙo. Teloli dai sukan kawo almakashi, mata su kawo wuƙaƙe, amma ai abincin mai wannan sana'a yana hannun kafintoci ne. Su kuwa sun haɗe baki kamar an yi musu taro, kuma Kofur ya san dalili.

Bayan ya ajiye kaki, wani tsohon kafinta ne ya ɗauke shi aiki, lokacin da kowa ke tsoron ɗaukar tsohon soja. Wata bakwai suna zaune lafiya. Ran nan tulin katako ya zame daga jikin bango ya faɗi da ƙara, sai Kofur ya yi tsalle ya danne tsohon a ƙasa, har wuyan hannun tsohon na dama ya karye. Kunya ta hana shi ko dubiya, ya tattara ya bar unguwar shekara biyu kafin ya dawo ya buɗe shagon nan. Wannan kam bai kyauta ba, shi ma ya sani.

Yanzu idan yana goga magagari a haƙoran zarto, ba ƙarar ƙarfe kaɗai yake ji ba. Yakan ji ƙashin nan yana karyewa, a bayansa kuma wata tsohuwar ƙara da ba ya gaya wa kowa. Tsoro yake ji da rana tsaka, ga ƙofa a buɗe, ga mutane na wucewa.

Matarsa ce ta gaji da zuba ido. "Ka iya shiga wuta, amma layi biyu zuwa shagon tsohon nan ya gagare ka? Tashi ka je, ko zaginka zai yi."

Ya tarar da tsohon yana yankan katako da hannun hagu. Zarton sai kuka yake yana cijewa, yankan kuma ya kauce wa layi. Mutumin da a da ba ya barin kowa ya wasa masa zarto! Kofur ya gane hannun ne ba ya iya riƙe magagari.

Ya durƙusa cikin garin katako. "Maigida, na zo ne ka yafe mini."

Tsohon ya daina yankan, ya dube shi. "Au, kana da rai ashe? Karayar ba ta ɓata mini rai kamar gudunka ba. Ka tafi ka bar ni da tambaya."

"Wace tambaya, Maigida?"

"Da ka faɗo kaina, ba ni ka kira ba. Cewa ka yi, 'Auta, kwanta!' Na rasa wanda zan tambaya. Wane ne Auta?"

Kofur bai san ya faɗi haka ba. Ya dafa ƙafar benci.

"Ƙaramin cikinmu ne a bakin daga. Mahaifiyarsa ce ta damƙa mini shi a tasha."

"To, ya kwanta?"

"Bai ji ni ba. Taku uku ne tsakaninmu, Maigida. Ban kai gare shi ba."

Kafintan da ke maƙwabtaka ma ya dakata da buga ƙusa. Tsohon ya juya hannunsa na dama, ya dubi inda ɗorin ya karkace, kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya zare zarton daga katakon, ya miƙa wa Kofur ta wajen mariƙi.

"Ni dai ka kai gare ni," in ji shi. "Tashi, ɗana, ka je ka wasa shi. Kar ka cinye masa haƙora."