Jar Rigar Halvard

Halvard Brekke ya faɗi ranar Laraba, a gaban kowa. Kuma ba irin faɗuwar da mutum zai miƙe ya kakkaɓe jiki ya yi dariya ba ce.

A Gangaren Arewa na dutsen da ake wasan sulu a kan ƙanƙara abin ya faru, inda rana ba ta leƙawa sai da azahar. Dusar ƙanƙarar wurin ta daskare ta yi tauri kamar daɓen siminti. Yana jan gadon ceto, wanda ake kwantar da wanda ya karye a sauko da shi daga dutse, sai katakan sulun da ke ƙafarsa suka ƙi kama ƙasa. Suka zame ta gefe, gadon ya wuce shi, ya ja shi a kan cinya har cikin ragar da ke bakin hanya. Allah ya sa buhunan yashi ne a ciki.

Tordis, shugabar masu ceto, ita ta fara isowa. 'Yar abokinsa ce marigayi, Halvard ne ma ya koya mata tsayuwa a kan katako tun tana majina.

"Kawu, ka ji ciwo?"

"Tambayi ragar."

"Kawu, Asabar ne gwajin shekara. Ba dole ba ne ka zo. Akwai kujera a ɗakin rediyo, ga ɗumi, ga kofi."

"Kujera? Ni?"

"Duk wanda bai sauko da gado lafiya ba, ya ajiye jar rigar masu ceto. Kai ka kafa dokar, ba ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Ya ɗauki katakansa a kafaɗa ya sauka da ƙafa. Jar rigar nan tun gashinsa yana baƙi yake sa ta. Bai ga ranar da zai rataye ta ya zauna yana amsa waya ba.

A gida ya tarar da matarsa Gunvor tana soya waina, ta yayyanka jan cuku a faranti. Ya jefar da katakan a ƙofar kicin.

"Ga kayan wasan da 'yarki Runa ta saya mini. Kai fato, wutsiya fato, ƙugu siriri kamar kalangu. Wai an yi su don yanka ƙanƙara mai tauri. Ƙarya ce. Da dogayen nawa ba su karye bara ba, wa zai ga bayana a ƙasa?"

Gunvor ta goge hannu a zane, ta ɗauki ɗaya. Ita ta daɗe tana hawa irinsu, duk Lahadi da ƙawayenta. Ta bi bakin ƙarfen da ke gefen katakon da babban yatsa. Tsakiya kaifi kamar aska. Kai da wutsiya kuwa sumul, ko man shanu ba za su yanka ba.

"Baban Runa, wa ya dakushe nan?"

"Ni. Da dutse. Haka ake yi wa sabon katako, don kada kan ya sarƙe ya kayar da mutum. Haka babana ya yi, haka kakana."

"Kakanka miƙaƙƙen katako ya hau, kamar ƙyauren rumbu. Wannan da kai da wutsiya yake cizo. Ka cire masa haƙora da hannunka, sannan ka zo kana zaginsa a kicin ɗina."

Ya daɗe yana kallon bakin ƙarfen. Bai ce ta yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai kwashi katakan ya shiga gareji, ta jiyo kukan magagari har wainar ta huce.

Washegari ya riga kowa hawa dutsen. Katakan suka ciji ƙasa tun bai shirya ba, suka watsar da shi. Ya tashi. Ya haɗe gwiwoyi yana murza dunduniya yadda ya saba tun yana yaro, suka sake watsar da shi. Sai ya yi fushi, ya buɗe ƙafafu, ya kwanta musu gaba ɗaya kamar mai cewa to ku kashe ni mu gani. Ba su kashe shi ba. Suka ɗauke shi suka yi kwana da kansu. Da ya waiga, sai ya ga layi biyu sirara a kan ƙanƙarar, kamar an tsaga da wuƙa.

Ranar Asabar sanyi ya ƙaru, gangaren yana ƙyalli. Masu ceto sun taru a sama, an loda buhunan yashi a gado. Steinar, mai bakin da ba ya rufuwa, ya hango shi.

"A'a, tsoho ya dawo! A ƙara raga, jama'a, ta ranar Laraba ba ta warke ba!"

Halvard bai kalle shi ba. Ya sunkuya ya fara jefar da buhunan waje.

Tordis ta ce, "Kawu, me kake yi?"

"Lokacin da muka kafa gwajin nan da babanki, ba buhu ake sawa ba. Shugaba ke kwanciya. Buhu ba ya jin tsoro, ba zai gaya miki ko mutum ya iya ba. Kwanta."

"Gado ne fa, kada ka mayar mata da shi makara," in ji Steinar. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Halvard ya dubi Tordis. "'Yar nan, ba zan yi wasa da ƙashinki ba. In kin ji ya zame ko taki ɗaya, ki yi magana. Da hannuna zan cire rigar in ba wannan mai surutun ya goge hanci."

Ta kalli katakansa, ta kalli fuskarsa. Sai ta cire nata, ta kwanta, aka ɗaure ta da igiyoyi.

Ya kama hannayen gadon ya tura. Mutum ya fi yashi nauyi a zuciya, ya ji haka tun daga farko. Gwiwarsa ta hagu tana ƙara. Da suka iso inda ya faɗi, gadon ya fara turo shi ta baya, yana neman wuce shi kamar ranar Laraba. Jikinsa ya ce ya haɗe gwiwoyi. Ya ƙi. Ya danna ƙarfen cikin ƙanƙarar tun daga kai har wutsiya, ƙara ta tashi kamar ana yage ƙyalle, katakan suka riƙe. Gadon ya dawo bayansa ya bi shi. Ragar ta wuce ta hagunsu.

A ƙasa ya tsaya, numfashi na fita da ƙyar. Ya kwance igiyoyin. Tordis ta tashi zaune, fuskarta fara fat, tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga gashi.

"Ya zame?" ya tambaye ta.

"Bai zame ba. Amma Kawu, baɗi ma akwai gwaji."

"Na sani. Ki zo da bargo, ke za ki sake kwanciya."

Ya ja zif ɗin jar rigarsa har wuya, ya juya gadon, ya nufi layin masu hawa dutsen.