Idon Waliyyiya Petka

Radmila ta haska fuskar Waliyyiya Petka da ke zane a bango da tocila, ta ja dogon tsaki. An sake kankare idon. Na hagu tuni ya tafi, na dama kuma saura ɗan baƙi kamar ƙwayar alkama.

Tun bazara hukumar kayan tarihi ta turo ta gidan zuhudun ƙauyensu don ta ceto zanen bangon cocin. Ganuwar gidan ta tare Turkawa da igwoginsu, amma ta kasa tare tsofaffin ƙauye. A wurinsu idon waliyyiya maganin ciwon ido ne: a kankara, a jiƙa, a sha.

Ta sauko daga tsani a fusace, ta iske shugabar gidan, Uwa Jefimija, tana tsinke tumatir.

"Uwa, a rufe ƙofar nan mana! Ido ɗaya ya rage!"

"'Yata, lokacin yaƙi ma buɗe musu muka yi. Yanzu zan rufe saboda fenti?"

"Fenti? Ya girmi kakan kakanki!"

"To su ma masu zuwan ba yara ba ne."

Takaici ya hana Radmila cin abincin rana. Ta koma coci ta laɓe bayan ginshiƙi, ta rantse yau sai ta ga ɓarawon. Can sai ga wata tsohuwa da baƙin ɗankwali ta shigo, ta yi alamar gicciye, ta zaro wuƙar yanka albasa, ta nufi tsanin. Stojanka ce, uwar da ta haife ta.

"Mama! Ke?"

"Rage murya, a coci kike."

"Me ya sami idonki? Ke da kike zura zare a allura ba tabarau!"

"Wa ya ce nawa ne? Ke ce kullum kina murza ido, takarda sai kin kai ta hanci. Maganin likitan birni ya tsinana miki me? In kika makance, wa zai ba ki aiki?"

Radmila ta dubi wuƙar. "Ina garin da kika kankara?"

"Gahawar da kike yabawa kowace safiya fa?"

Radmila ta ɗaga kai ta dubi waliyyiyar. Daga nan ƙasa, ko fuskar ba ta gani sosai.

"Kin gani ko?" in ji Stojanka. "Riƙe mini tsanin."