Gogen da Mamuda Ya Riga Ɗauka

"Tsagiyar gogena ta tsinke, Rabo. Ɗauko mani naka."

Mamuda ne ya yi maganar daga kan tabarma, muryarsa da ƙyar take fita, ƙafafunsa sun kumbura. Rabo, maƙwabcinsa, ya miƙe da sauri, kuma gaskiyar magana daɗi ya ji. Yau kowa zai gane inda laifin yake.

A shekarar ƙarin albashin Udoji ne, lokacin da mutanen Mabai ke rububin rediyo da babur, su biyun suka sayo goge rana ɗaya a kasuwar Ƙanƙara, alhali babu wanda ya gada a cikinsu. Biyu ne a gaban mai sayarwa, Mamuda ya riga kai hannu. Kafin kaka nasa ya fara tsayar da mata a hanyar rijiya, na Rabo kuwa kaji kawai yake kora. Rabo ya sake fatar guza, ya sassaƙa sabon jakin da tsagiya ke hawa, ya je har Sabuwa neman gashin wutsiyar farin doki, duk a banza. Hassada ta ci shi ta cinye. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa Mamuda ya ɗauke mai kyaun ya bar masa ragowar.

Ya kawo gogen ya miƙa. Mamuda ya kara fatar kusa da kaskon wutar da matarsa Adama ta ajiye masa, ya shafa wa izgar jan gogen ƙaro a hankali, sannan ya ja. Adama ta bar dakan da take yi. Rabo ya tsaya yana jin abinsa, wanda ya yi ta zagi shekara da shekaru, ga shi gogen yana kuka mai ratsa jiki a hannun mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa.

"Wanga na so ɗauka ran nan," in ji Mamuda. "Na ga idonka na kai, na bar maka."

Washegari da hantsi aka kai Mamuda makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai Adama ta aiko wa Rabo da gogen mamacin. Ya ɗaura sabuwar tsagiya, ya zauna a zaure ya ja sau ɗaya. Kaji suka watse. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rataye shi kusa da nasa a ƙusa ɗaya.