Taken Badaru Ya Shiga Rediyo

A ƙasar Gaya, idan makaɗi ya ba manomi take, to ya ɗaura masa igiya ce a ƙugu. Take ɗan guntun kiɗa ne da ake yi wa mutum ɗaya tak, ba a haɗa shi da kowa. Duk inda mai shi ya ji an kaɗa, ko lomar tuwo ce a hannunsa, sai ya ajiye ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Wanda ya ji takensa ya ci gaba da zama kuwa, ba mai ce masa uffan, amma daga ranar ya fita daga sahun mazajen gona. Ba a ƙara tambayarsa yaushe za a yi shuka, ba a ƙara kawo masa ƙarar iyakar gona. Sai dai a durƙusa a gaishe shi da jiki, a wuce.

Maiwada mai gurmi, mutumin Balan, ya san wannan doka fiye da kowa. Shekara talatin ya yi yana rataye da gurminsa, yana bin gonakin gayya daga Balan zuwa Kademi har ƙauyukan Ajingi, kuma taken da ya raba wa mutane ya fi ashirin. Guda ɗaya ne a cikinsu ya zame masa ƙarfen ƙafa da ya tsufa, shi ne na amininsa Badaru.

Asalin taken ba abin alfahari ba ne. Shekara guda bayan samun 'yancin kai, ƙyanda ta shiga gidan Badaru ta ɗauke masa 'ya'ya biyu cikin mako ɗaya, ana tsakiyar huɗa. Gona kuwa ba ruwanta da zaman makoki. Ran kwana huɗu ya saɓa garma ya fita. Da la'asar Maiwada ya biyo ta gefen gonar, sai ya ji shi shi kaɗai yana wani nishi mai kama da waƙa, babu kalma ko ɗaya a ciki: murya ta hau sau ɗaya, ta gangaro sau uku, daidai da faɗuwar garma. Da mai kunya ne, da ya wuce abinsa. Amma makaɗi ɓarawon kunne ne. Maiwada ya laɓe a bayan gawo har abin ya zauna masa, ya je gida ya ɗora shi a kan tsirkiya, ya ƙara masa sauri, ya koya wa masu ganga. A gayya ta gaba ya kaɗa wa Badaru. Badaru ya tsaya cak, ya dube shi, sannan ya cilla garma sama ya cafe, ya yi kunya goma kafin na kusa da shi ya gama ta shida. Su biyu kaɗai suka san inda kiɗan ya fito, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa tayar da maganar ba.

Shekara goma sha biyu Badaru yana amsa takensa. Sai aka yi shekarar fari, rijiyar unguwa ta ƙafe, ya shiga yasarta, gefe ya rufto masa a baya. An zaro shi da rai, amma tun daga nan miƙewa tsaye ta zama masa aikin yini. Maiwada ya yi abin da makaɗan kirki ke yi: bai ƙwace taken ba, bai kuma sake kaɗa shi ba. Muddin ba a kira mutum ba, ai ba za a ce ya kasa amsawa ba. Haka Badaru ya ci gaba da zama a tabarmarsa a ƙofar gida da mutuncinsa, manoma suna tsayawa suna tambayarsa ko wannan ruwan na shuka ne ko na yaudara.

Abin da Maiwada ya manta shi ne wata ranar sallah, shekara biyu kafin farin. Ɗan ƙanwarsa Garzali, wanda aka tura Kano karatu ya ɓuge da kaɗa jita da tara suma kamar sheƙar tsuntsu, ya zo gaisuwa da wata rikoda a rataye. Ya yi ta zuga kawun nasa, wai duk birni babu mai yatsunsa. Tsoho ya ji daɗin yabo, ya zazzage masa duk abin da ke cikin gurmin, har da wanda ba nasa ba ne ya bayar.

Damina ta dawo a shekarar saba'in da huɗu. Ranar wata kasuwar Gaya, Maiwada yana tsugune yana zaɓen fatar da zai sake wa gurmi, sai rediyon mai shayi ya ɓarke da wani kiɗa. Jita tana ihu kamar an take wutsiyar kyanwa, ganguna suna rugugi, wani yana rera Turanci ta hanci. Ya yi tsaki zai ci gaba da cinikinsa, sai kunnensa ya kama wani abu. A ƙarƙashin duk hayaniyar nan, ga shi nan tsirara: hawa ɗaya, gangara uku. Ya bar fatar a nan ya kama hanyar Balan, yana sauri irin wanda gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa.

A ƙofar gida ya tarar da Hure, matar Badaru, tana wanke wani tsumma mai jini.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "In labari ka kawo, abokinka ya riga ka ji. Rediyon Ɗanladi tela ne ya kira shi. Ya miƙe kuwa, sai dai goshinsa ne ya fara sauka."

Daga nan aka shiga wahala. Samari sun so kiɗan nan kamar me. A shirin gaishe-gaishe kullum sai an sa shi da hantsi, a maimaita bayan la'asar, wani lokacin har sau biyu a zama ɗaya saboda wani a Zariya yana gaida budurwarsa. Shagon tela yana kallon tabarmar Badaru. Da jita ta fara, sai ka ga tsoho ya lalubo sanda, ya dafa bango, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana hawa kansa a hankali kamar mai cire turmi daga laka. Kafin ya daidaita, waƙar ta kusa ƙarewa. Ya ɗaga hannu zai yi kirari, tari ya ƙwace maganar. Sannan a sake aikin komawa ƙasa, wanda ya fi na tashin zafi. Cikin mako uku ya faɗi sau huɗu, ya daina cin abin kirki, ƙafafunsa suka kumbura.

Maiwada ya bi masu rediyo ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, shi da a da ake roƙonsa ya kaɗa. Tela ya yarda ya riƙa rage murya. Amma akwai na malamin gona, akwai na direban da ke kwasar gyaɗa, akwai na wani ango da ke yawo da nasa a kafaɗa don a san ya saya. Ka toshe nan, can ya ɓulle. Da Badaru ya gane abin da ake yi kuwa, sai ya hau faɗa.

"Wa ya ce a rage? Kirana ake yi."

"Badaru, akwati ne fa. Batir ne da waya. Ba ya ganinka, bai san ka tashi ko ba ka tashi ba."

"Shi ba ya gani. Mutanen da ke bakin shagon fa, su ma batir ne?"

Gaskiya ce kuwa. Duk sanda kiɗan ya tashi, kawunan da ke bakin shagon sai sun juyo. Ba mugunta ba ce, haka aka saba. Ya koma gida a gajiye, gajiyar da ba ta tafiya ba ce.

Da ya ji Garzali ya zo Ajingi duba mahaifiyarsa, sai ya yi sammako ya taka har can. Ya same shi a zaure da wando mai faɗin ƙafa, ga garmahon sa faifai a gefe. Garzali ya zube ya gaishe shi, fuskarsa fal murna.

"Kawu, ka ji aikinmu? Faifan nan ya je Ikko, ya je Ankara ta Gana. An ce har Ingila an kai shi!"

"Na ji. Cire shi na zo ka yi."

"In cire shi daga ina?"

"Daga inda ka sa shi. Kiɗan nan yana da mai shi, kuma yana raye, kuma kuna kashe shi da rana tsaka."

Ya ba shi labari tun daga rijiya har zuwa tsumman Hure. Murnar Garzali ta zube. Ba mugun mutum ba ne, birni ne kawai ya koya masa cewa kiɗa na duk mai kunne ne.

"Wallahi Kawu ba ya ciruwa. An buga faifai dubbai, suna gidajen da ban san ƙofarsu ba. Ko na je gidan rediyo na yi kuka, gobe wani zai aiko a sa masa." Sannan ya ce, "Ni na ɗauka gida na dawo da shi. Kiɗan Turawan nan da muke kwaikwayo, su ma ba nasu ba ne. Wajen baƙaƙen Amurka suka ɗauko, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu, masu noman auduga. Turawa suka sa masa lantarki da sauri. Tsaya ka ji na asalin."

Maiwada bai zo jin faifai ba, amma ya zauna. Garzali ya ɗora allura. Aka yi ƙarar tsaki-tsaki, sai ga muryar wani tsoho shi kaɗai da jitarsa, a hankali, yana jan kowace tsirkiya kamar tana masa nauyi. Maiwada bai ji kalma ɗaya ba. Amma muryar tana hawa, tana gangarowa, tana tsayawa daidai inda mai garma ke tsayawa ya ja numfashi.

"Wannan mutumin ya binne wani," in ji Maiwada.

"Ka san Turanci ne, Kawu?"

"Ina ruwana da Turanci."

Ya miƙe ya yi sallama, ko furar da ƙanwarsa ta dama bai tsaya sha ba. A hanya yana ta juya abin a ransa, yana jin haushin kansa. Ya zo yi wa Garzali faɗan sata, alhali shi ya fara ta a bayan gawo. Shi ya ɗauki kukan mutum ya sa masa sauri ya mayar da shi abin tsalle. Garzali ƙara wuta kawai ya yi.

Washegari ana sallame la'asar ya ɗauko gurmi ya nufi ƙofar gidan Badaru, abin da rabonsa da yi tun kafin rijiya. Mutanen bakin shago suka bi shi da ido. Ya zauna a gefen tabarma, ya gyara tsirkiya, ya fara kaɗawa a hankali, a hankali ƙwarai, ba ganga ba zuga. Hawa ɗaya, gangara uku, sai hutu. Hannun Badaru ya tafi neman sanda.

"Bar ta," in ji Maiwada. "Wannan ba take ba ne. Nishinka ne na gonar gawo, shekarar ƙyanda. Na laɓe na sace maka. Yau na dawo maka da kayanka."

Badaru ya dube shi. Hannun ya dawo kan cinya.

"Na gan ka ai," ya ce. "Gawo ba ya ɓoye mai babbar riga."

Maiwada ya ci gaba da kaɗawa. Can sai ya ji muryar tana bin tsirkiyar daga ƙasan maƙogwaro, ta tsufa, ta dushe, amma ita ce. Badaru ya rufe ido ya ambaci Bilya, ya ambaci Suwaibatu, 'ya'yan da ƙyanda ta ɗauke, sunayen da shekara goma sha uku ba a ji su a bakinsa ba. Hure ta leƙo daga zaure, ta koma da sauri tana jan mayafi a fuska.

Ana cikin haka rediyon ango ya ɓullo daga lungu, a kafaɗar mai shi, murya a ƙure. Jita ta tsala ihunta. Kawunan bakin shago suka juyo gaba ɗaya. Jikin Badaru ya zabura da kansa, irin zaburar da shekaru suka koya masa, ya damƙi sanda. Maiwada bai daina kiɗa ba, bai kuma ɗago kai ba. Ƙafarsa kawai ya miƙa ya take sandar.

Badaru ya ja sau ɗaya. Ya sake ja. Maiwada yana jin ƙarfin jan a tafin ƙafarsa, kuma ƙanƙantar ƙarfin ce ta sa hawaye suka cika masa ido. Ya san abin da yake yi wa abokinsa sarai, ya kuma san ba shi da wata dabarar. A ja na uku Badaru ya saki. Ya zauna, hannuwa a cinya, har jitar ta gama haukanta aka shiga gaishe-gaishe. Ba wanda ya ce uffan. Tela ya sunkuya ya ci gaba da taka kekensa.

Da safe Maiwada ya dawo ya zauna a gefen tabarmar, ba gurmi. An kwana da ruwa, manoma suna wucewa da garemani a kafaɗa. Inuwa maƙwabci, wanda shekara da shekaru ba ya taɓa gonarsa sai ya ji ta bakin Badaru, ya ratso ya durƙusa.

"Baba, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi," in ji Badaru.

Inuwa ya ce Allah ya ƙara afuwa, ya saɓa garmarsa ya wuce. Badaru ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ɗan matsa ya ƙara wa Maiwada wuri a inuwa.