Mai Lamba Casa'in

Amos na kwance rigingine a ƙarƙashin Landirobar ma'aikatar kiwo ta Tanut. Ya kwance notin fon ɗin baya, wato tulun ƙarfen nan da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu, sai mai ya tsiyayo masa a tafin hannu tsararo kamar ruwan shayi. Ya murza shi da yatsa biyu, ya ɗaga wajen haske. Garin ƙarfe na ta ƙyalli a ciki.

Kwana tara ke nan da zuba man, kuma shi ya zuba da hannunsa. Sabon shugaban ma'aikatar, Mushe Attahir (Mushe wato Malam a bakin masu jin Faransanci), saurayi ne da ya dawo daga karatun likitan dabbobi a farkon 1965, ya zo da tunanin rage ɓarna. Da ya tarar da duro biyu a ɗakin ajiya, ɗaya na man inji, ɗaya na man giya da ya ƙare, sai ya ce babu dalilin sake odar na biyun. Mota ɗaya ce, mai ɗaya ya ishe ta. Ya rubuta haka a takarda, ya buga hatimi, ya liƙa a ƙofar gareji.

Shekara goma sha ɗaya Amos yana tuƙa motar nan, tun tana hannun wani Bafaranshe. Ya yi ta bayani cewa man inji mai lamba talatin ba ya zama a kan haƙoran fon, yana zamewa ya bar ƙarfe na cin ƙarfe, kuma a tsohuwar mota irin wannan ta kowace kafa zai yoye. Mushe Attahir ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya tambaye shi a wace makaranta ya koyi wannan. Amos ya ce a hannun wani makanike ne a Maraɗi. Mushe ya yi murmushi ya koma ofis.

Da hantsin nan wani Buzu mai suna Aghali ya iso a kan raƙumi daga wajen Tenhya. Bushiya ta shiga shanu a rijiyoyi uku, in ji shi, nasa bakwai sun mutu, sauran makiyaya kuma suna shirin watsewa da garkunansu, cutar ta bi su duk inda suka nufa. Mushe ya ce gobe da sassafe za a tashi da allura a akwatin ƙanƙara. Ƙanƙarar ba ta wuce kwana biyu. Idan mota ta tsaya a yashi, allura ta lalace.

Amos ya mayar da notin, ya wanke hannu, ya nufi gida. Matarsa Roda tana da zabi huɗu da take kiwo saboda Kirsimeti. Ya kama biyu. Ta bar dakan da take yi ta tambaye shi ko baƙi suka yi, ya ce a'a, mota ce ba ta da lafiya. Roda ta ce ta daɗe da sanin motar gwamnati na cin mijinta, yau ta fara jin tana cin zabi.

A bakin kasuwa akwai wata babbar mota mai zuwa Agadas, direbanta Maigari tsohon abokinsa ne. Maigari ya fito da galan biyu daga bayan kujera. Amos ya buɗe na farko ya shinshina, warin nan mai hawa kai irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya buge shi, ya ji hankalinsa ya kwanta. Lamba casa'in ne. Na biyun ɗari da arba'in ne, mai kauri kamar zuma. Maigari ya ce ya ɗauki mai kaurin gaba ɗaya, ai shi ne ƙarfi. Amos ya ƙi. Da sanyin safiya, in ji shi, giya ba za ta shiga ba sai an yi kokawa da ita. Ya ɗauki casa'in don akwatin giya, da ƙaramin akwatin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, da fon ɗin gaba. Mai kaurin kuwa ya ɗebi kaɗan don fon ɗin baya kawai, wanda haƙoransa suka riga suka ci har yana kuka. Maigari ya ɗaure zabin a saman kaya.

Lokacin hutun rana, ma'aikata duk sun tafi gida, Amos ya tsiyaye ramukan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya cika kowanne har mai ya leƙo bakin noti. Duk aikin nan a ƙarƙashin takardar Mushe ya yi shi, tana liƙe a ƙofa da hatiminta.

Tafiyar ta fi yadda ya zata wuya. Bayan sun bar hanyar Agadas yashi ya yi laushi, sa'a uku suna tafe da ƙaramar giya, tayoyi huɗu na ja, ƙasan motar ya yi zafin da Mushe ya janye ƙafafunsa. Sau biyu suka nutse, Mushe da Aghali, wanda ya shigo motar don nuna musu hanya, suka tura. Amos na kasa kunne ga fon ɗin baya kamar mai sauraren numfashin majinyaci, bai ji komai ba sai gunjin inji. Kafin la'asar suka isa rijiyar farko, ƙanƙara ba ta narke ba. Kwana biyu suna yi wa shanu allura, kuma Amos ya ga abin da bai zata ba: yaron nan Mushe ya iya aikinsa, yana shiga tsakanin ƙahoni ba tsoro, bai zauna cin abinci ba sai da aka gama garken ƙarshe.

Mako guda da dawowarsu Mushe ya kira shi ofis, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ya rubuta rahoto zuwa Damagaram, cewa mota mai shekara goma sha huɗu ta ratsa yashin Tenhya da man inji kaɗai a cikinta, ko tari ba ta yi ba. Ya ba da shawara a bi wannan tsari a duk motocin ma'aikatar, kuma a kira Amos ya koya wa sauran direbobi, tunda shi ne shaida.

Amos ya tuna motoci shida ne, kowacce da direbanta, kowacce da dajin da take shiga. Ya san kuma hukuncin mai saɓa wa takarda mai hatimi. Ya cire hularsa, ya faɗi duk abin da ya yi, daga garin ƙarfen da ya gani har galan ɗin Maigari.

Mushe Attahir ya tambaye shi ko da man injin motar za ta kai. Amos ya ce wataƙila ta kai rabin hanya.

"Rahoton ya tafi da motar wasiƙa tun jiya," in ji Mushe a hankali. "Kuma za su so shi ƙwarai. Ba a taɓa ƙin rahoton da ya rage kashe kuɗi ba."

"To, in an kira ni, me zan koya musu, Mushe?"

Mushe ya tashi ya tura ƙofar ofis, ya dawo ya zauna.

"Baba Amos, ka koya musu yadda ka yi, daidai yadda ka yi. Sai dai ka bari har lokacin hutun rana, in manya sun tafi gida."