Kunnen Hagu

Duk faɗin birnin Bulawayo babu na'urar da ta kai kunnen Velaphi Gumbo sanin ciwon inji. Shi ya faɗa, kuma a gidansa magana ta ƙare ke nan.

Matarsa MaNyathi ta san abin da bai sani ba: kunnensa na hagu ya mutu tun yana aiki a reluwe. Ta wannan ɓangaren take zama idan za ta faɗi ra'ayinta a kan motar.

Motar ja ce, buɗaɗɗiya, kujera biyu, ta girmi aurensu. Kafireto biyu gare ta, kuma Velaphi da tiyo yake daidaita su. Zai yanko guntu daga tiyon da MaNyathi ke ban ruwan kabeji, ya kafa bakinsa ɗaya a kafireto, ɗayan a kunne, ya saurari yadda take shaƙar iska. Ta gaba da kunnen dama yake ji. Ta baya kuwa sai ya juya, ya ji da na hagu. Kullum sai ya ji kamar ta baya ba ta numfashi, sai ya ƙara buɗe mata, ya kuma ƙara mata mai don tausayi. Motar na gurnani, salansa na aman baƙin hayaƙi, shi yana lumshe ido.

Da bikin 'yarsu Nothando ya matso, ya ce a motar zai kai ta coci. MaNyathi ta shirya hana shi. Sai gwaggon ango ta zo ganin shiri, ta zagaya motar tana toshe hanci da hankici, ta ce ai sun riga sun ɗauko hayar farar mota mai sanyi.

"Wannan baron fa, Baba Gumbo, kayan miya za a ɗauko da shi?"

Ta hagu ta tsaya, don haka Velaphi ya yi murmushi ya gode. MaNyathi ce ta ji. Ita da ta shekara ashirin tana addu'ar motar ta ƙone ta ce, "Yaya, a baron nan aka kawo ni gidan nan. A cikinsa 'yata za ta fita. Ku sa kek a taku, kada ya narke."

Ta yi tunanin gaya wa mijinta zancen kunnen. Ta dube shi a sunkuye a kan injin, da furfurarsa da tiyonta, ta fasa.

Ranar Asabar motar ta tashi bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Nothando ta zauna da lulluɓin da uwarta ta yi aure da shi, jelarsa ta zubo ta baya, daidai kan salansa. Suka wuce farar motar a kwanar kasuwa, Velaphi yana danna hon.

A ƙofar coci amarya fara ce ta gaba. MaNyathi ta riga kowa isa bayanta, ta naɗe jelar da ta koma kalar gawayi, ta soke da fil, ta ce wa gwaggon ango haka ake yayi yanzu.

"Kin ji injin nan kuwa, MaNyathi?" in ji Velaphi.

Ta zagaya ta dama. "Na ji, Baba. Kowa ya ji."

Washegari ta jiƙa lulluɓin, ruwa uku bai fita ba. Ta shanya shi a wani lungun gidan inda Velaphi ba ya zuwa. Tiyon ya daina kaiwa wurin kabeji, sai ta ɗauki bokiti.